Gudumar Kaka

Bayan rasuwar Baba muka ɓalle kwaɗon akwatinsa na ƙarfe, ni da Yaya. Gwaggo, ƙanwar Baba, tana zaune bakin gado. A cikin akwatin akwai tsagaggen allon makaranta, da 'yar motar katako mai ƙafa uku, da hoton Baba yana ɗan shekara takwas cikin gajeren wando, ya ɓoye hannu ɗaya a baya. Can ƙasa, naɗe cikin tsohuwar riga, sai ga gudumar Kaka, mahaifin Baba.

Ni kafinta ne, kamar Kaka. Yaya tela ne, ko ƙusa bai iya bugawa ba. To me zai yi da guduma, ɗinki?

"Ni ne babba," in ji shi, ya riga ni kai hannu.

"Riƙe girmanka, Yaya. Wannan gadon sana'a ne, nawa ne."

"Zo ka ƙwata."

Ni kuwa zuciyata a kusa take, kowa ya sani. Na cakumi wuyan rigarsa, ya shaƙe ni, na kai masa karo a baki. Muka faɗa kan tebur, kofuna suka tarwatse. Ya tofar da jini, ya naushe ni a ido. Na murɗe hannunsa na fizge gudumar. Ya dafa bakin akwatin zai miƙe, kafin in san me nake yi na sauke masa ita a kan yatsu. Ƙarar kamar an karya busasshen kara.

Gwaggo ba ta yi ihu ba. Cewa ta yi, "Haka ta yi ƙara wancan karon ma."

Na juya ina haki.

"Ubanku bahago ne," in ji ta. "Kakanku ya ce bahago ɓata katako yake yi, ba zai koya masa aiki da hagu ba. Ya hana, ya yi duka, a banza. Ran nan ya kama shi a bayan shago yana sassaƙa motar nan da hagun, saura ƙafa ɗaya. Ya ja shi, ya shimfiɗa hannun a kan benci, ya buga sau uku. Ni na wanke bencin."

Mu kuwa tun muna yara ƙofa aka ce mana ta datse masa yatsu.

"Ranar da aka binne kakanku, ubanku ya ɗauke gudumar nan ya kulle. Kun zaci don ƙauna ya adana ta? Rantsuwa ya yi, muddin yana numfashi ba za ta ƙara taɓa ɗan gidan nan ba."

Kunya da tsoro suka rufe ni, na tsani kaina. Na durƙusa zan kama shi. Yaya bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Yana ta kallon yatsun da suka karkace, jini na bin gwiwar hannunsa.

"Ƙanena," ya ce a hankali, "hannun almakashi ne fa."