Yadda Matar Yayana Ta Zama Mai Tallan Tufafi

Shekara talatin da ɗaya matar yayana Guifen ta yi tana sayar da tikiti a wata tashar mota a Chengdu, ba fasinjan da ya taɓa ɗaga kai ya kalli fuskarta. Sai da ta yi ritaya, tana da sittin da uku, wani mutum mai baƙar kwat da ƙamshin turare ya tare ta a ƙofar kanti ya ce, "Anti, ki gafarce ni, kin taɓa tallan tufafi? Irin wannan wuyan naki ba a samunsa ko'ina."

Wuyan da na yi shekara arba'in ina gani, duk ya tattare kamar na talotalo.

Ran nan ta same mu a gidan shayi muna buga mahjong, wasan nan mai kama da karta. Ko zama ba ta yi ba, ta ajiye mana wani kati mai ruwan zinare. "Manaja Dai sunansa. Ya ce 'yan mata sun gunduri duniya, yanzu furfura ake yayi."

Na ce, "To Yaya, ai ke kin rine taki."

"Hassada dai, Shuyun. Tun kina budurwa haka kike."

Daga nan aka fara tatsarta. Koyon tafiya da kuɗinsa, hoto da kuɗinsa, rigunan siliki uku kuma dole a wurinsu za a saya. Ta shiga zirga-zirga a falo da littafi a ka, tsinken cin abinci a haƙora wai tana gyara murmushi. Takalmi mai tsini ya kumbura mata sawu har ba a ganin idon ƙafa. Ta daina cin shinkafa, sai dafaffen kabeji ba mai, matar da duk unguwa ba mai kama ƙafarta a miyar barkono. Yayana ya koma cin abinci a gidana. In na yi magana ya ce, "Ƙyale ta, ba ta taɓa son wani abu haka ba." Shi ma dai lusari ne.

Da bazara aka shirya babban taro a zauren wani otal da rana tsaka. Tsofaffi arba'in za su hau dandamali, kowacce an ɗora mata tikiti goma ta sayar. Da na duba zauren, ba kowa sai mazaje masu gyangyaɗi da jikoki. Manaja Dai ya ɗauki lasifika ya gabatar da babban baƙo, Mista Lusiyan daga Faris, wanda zai zaɓi masu tafiya Turai. Wani dogon Bature ya miƙe yana ɗaga hannu.

Na san shi sarai. Artyom ne, ɗan Rasha mai koya wa jikata waƙoƙin Turanci a makarantar renon yara.

Da aka tafi hutun shan shayi na je na tsaya a kansa. "Malam Artyom, yaushe ka koma Faris ba sallama?"

Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce a hankali, "Kaka, ki rufa min asiri. Awa biyu kawai aka ɗauke ni. Cewa aka yi in riƙa gyaɗa kai ina rubutu."

Na leƙa littafin. Kyanwa yake zanawa.

Duk su arba'in ɗin sai da aka ba su kambu. Guifen ta samu na mafi kyawun kafaɗa. A cikin tasi na faɗa mata komai, tana rungume da kofin roba da aka fesa wa fenti. Ta kalli taga ta ce, "Ko a Faris ɗin ai mutum yakan yi aiki biyu." Wata biyu ba ta yi min magana ba.

Ran da matan suka je karɓar fasfon tafiya Turai, sai suka tarar ofishin kamfanin ya zama wurin tausar ƙafa. Wayar Manaja Dai a kashe. 'Yan sanda suka rubuta sunayensu, suka ce su koma gida su jira. Wasu suka kwanta ciwo don kunya. Na ɗauka ita ma za ta dawo hayyacinta ta ɗora tukunya.

Ashe kafin Manaja Dai ya gudu ya sayar da hotunansu. Cikin watan Agusta wata mai shago da ta ga hoton Guifen ta kira ta, aiki na gaske, biya a take. Sai ga ta a ƙofata da jan baki. "Taso ki raka ni, ki gani da idonki, uwar 'yan baƙin ciki."

Shagon yana wani lungu a bayan asibiti. Tun daga ƙofa na gane abin da ake sayarwa: tufafin da ake sa wa gawa. Mai shagon ta ce 'yan mata sun ƙi aikin wai mugun fata ne, masu saye kuma suna so su ga kayan a jikin tsohuwa kafin su zaɓar wa iyayensu.

Na ja hannunta. "Yaya, mu tafi."

Ta fizge. Aka jibga mata riguna bakwai, wata kan wata, ga zafi kamar gidan burodi. Ta ɗaga haɓa ta karya ƙugu yadda aka koya mata. Mai shagon ta ce, "A'a Anti, ban da yanga, ban da murmushi. Ki tsaya kawai ki saki hannu." Sau talatin ta canza kaya, gumi ya wanke hodar tas, ba ta ko nemi kujera ba.

Muna fitowa ta ce, "Mai launin shuɗin nan zai karɓe ki, Shuyun. In kina so zan sa a rage miki."

Har yau tana zuwa duk Laraba. A gidan shayi matan suna janye kujera in ta zauna, ita ko a jikinta. Duk baƙuwar da ta tambayi sana'arta sai ta ce tana tallan wani kamfanin tufafi ne, kuma tunda aka buɗe shi ba wanda ya sa kayansu ya dawo da ƙorafi.