Gurbin Jabez Holroyd

Mutumin da ya karya maka ƙafa da gangan, karayar ta sa aka ƙi ɗaukarka soja, shi kuwa aka ɗauke shi ya je Faransa ya mutu, me za ka kira shi? Ni dai ban sani ba. Seth Ormerod ma shekara huɗu yana juya tambayar a ransa bai samu amsa ba.

Da can ƙungiya ɗaya suke yi wa ƙwallo, ta masaƙar garinsu. Ana jajibirin zuwan wakilin wata babbar ƙungiya, wajen atisaye, Jabez Holroyd ya shigo masa da ƙusoshin takalmi har aka ji ƙarar ƙashi daga bakin fili. Jabez aka ɗauka. Seth ya koma rubuta allunan shaguna, yana jan ƙafa.

Bayan yaƙi ƙungiyar ta kawo masa allon katako, ya rubuta sunayen 'yan wasanta tara da suka mutu, da ruwan zinariya, kafin wasan Asabar. Ya rubuta takwas. Ya ce na taran, wato Jabez, ko sarki ne ya aiko ba zai rubuta ba.

Ranar Alhamis uwar Jabez ta faɗo shagonsa ko gaisuwa babu, da ƙurar auduga a mayafinta.

"Kai gurgu, ina sunan ɗana?"

"Sannu da zuwa, Inna. Ai ɗanki ya riga ya sa hannu." Ya buga gwiwarsa da burushi. "Ga shi nan, ba ya gogewa."

"Oho, ƙafa kake wa kuka? Kai aƙalla ka san inda taka take. Ni ko yatsansa ba a kawo mini ba."

"Ba ni na aike shi ba."

"Amma shi ya zaunar da kai. Kana nan kana shan shayi da zafinsa, sa'anninka duk suna kwance cikin lakar Faransa."

"To gode masa zan yi?"

"Riƙe godiyarka, ba ta da amfani. Mugun ɗan wasa ne, na sani, ni na haife shi. Rubuta kawai."

Seth ya juya mata baya. Ita kuwa ta matsa kusa da allon. Ba ta iya karatu sosai ba, amma shekara talatin tana duban zare a masaƙa, idonta ba ya tsallake giɓi. Sunayen an jera su ne bisa harufa, kuma tsakanin Greenhalgh da Ingham akwai fili, layi guda cif, har da siririn zanen alli na awo.

"Wannan fa?" ta ce. "Wanda ya ƙi da gaske ai da ya haɗe su. Wa ka auna wa nan?"

Seth ya dubi alamar allin. Haushi ya turnuƙe shi, na kansa ya fi nata yawa.

"Ban yafe masa ba," in ji shi.

"Wa ya roƙe ka?"

Ya jawo kujera da ƙafarsa mai lafiya, ya tsoma burushi a ruwan zinariya.

"Matsa can, kin tare mini haske."

Ba ta matsa ba. A inuwarta ya ja harafin farko.