Shatin Yatsa a Madubin Lubabatu

A shekarun farko bayan Dahome ta samu 'yanci, komisariyar Paraku, wato ofishin 'yan sandan garin, ta tura ɗan sanda ɗaya Kwatano ya koyo yadda ake binciken wurin da aka yi laifi. Abduljalil aka zaɓa, ɗan wani falke na Jugu, saurayi dogo mai son tsabta. Ya dawo da ƙaramin akwatin katako. A ciki akwai hoda baƙa da fara, da buroshi mai laushi kamar gashin jariri, da tawada, da gilashin da ke ƙara wa abu girma. Ya ajiye akwatin ƙarƙashin teburinsa yana jiran babban laifi. Laifin da ke zuwa kuwa bai wuce faɗan mahauta ba, ko jakin da ya ci dawar wani a ƙauyen Turu. Abokan aikinsa sukan ce ya je ya shafa wa jakin hoda.

Wata Asabar sai ga Mamuda, direban kamiyo, babbar motar kayan da ke zirga-zirga tsakanin Jugu da Paraku, ya kawo saƙo. An shiga gidan Goggo Tasalla, ƙanwar mahaifin Abduljalil, ranar Juma'a da rana, lokacin da mutanen gidan suka tafi suna. An ɗauke kan keken ɗinkin 'yarta Lubabatu, an bar teburin.

Abduljalil ya yi jaje, amma Mamuda ya lura idonsa ya kai ga akwatin tun kafin ya gama jajen.

"Ka gaya wa Goggo kada a taɓa komai," in ji shi. "Kada a share, kada a goge, kada kowa ya shiga ɗakin. Ina tafe."

Ya nemi izini, ya bi kamiyo ya isa Jugu. Ya fara biya wa jandarmomin garin, suka ce in yana da wata dabara bismilla, su dai sun duba ba su ga kowa ba.

Da ya shiga gidan ya tsaya cak a bakin zaure. Tsakar gida a share ƙal, an yayyafa ruwa, har shatin tsintsiya ya fito reras.

"Goggo, saƙona bai iso ba?"

"Ya iso, ɗan nan. Ba a taɓa komai ba."

"An yi shara."

"To ɗan yayana zai zo da kayan sarki, ya tarar da gida kamar juji? Shara ai ba taɓawa ba ce."

"Ɗakin fa? Wa ya shiga?"

"Ba kowa. Sai masu jaje."

Masu jaje kuwa rabin unguwa ne. Kowace mace ta shiga ta dafa teburin ta ce Allah ya tona asiri. Kowane namiji ya jijjiga tagar ya faɗi yadda da shi ne zai ƙarfafa ta.

Lubabatu na zaune a kan turmi tana kallonsa. Taubashiyarsa ce, tun suna yara ba ta raga masa.

"Sannu da zuwa, Mushe Hoda," ta ce, tana kwaikwayon yadda Faransawa ke kiran babban mutum. "An ce a cikin akwatin nan kake ajiye ɓarayi. Buɗe mu ga namu."

"In na buɗe ke zan fara sakawa."

"Ba sai ka wahala ba," in ji Goggo. "Mun san ɓarawon. Idrisu ne."

Idrisu dillalin shanu ne na Paraku, aminin marigayi mijinta. Duk sanda ya zo Jugu a gidan yake sauka. Ya zo ranar Alhamis, ya kawo wa Lubabatu tsarabar madubi, ya koma ranar Juma'a bayan masallaci da buhu a kai.

"Me ke cikin buhun?" Abduljalil ya tambaya.

"Doyar da na ba shi."

"To ai kin san abin da ke ciki."

"Buhun ya fi doyata girma."

Abduljalil bai ja ba. Ya tuɓe takalmi, ya tsaya a ƙofar ɗakin ya sa hannuwansa a baya, ya daɗe yana kallo kawai. Lubabatu ta ce ko a Kwatano tsayuwa aka koya masa. Ya ce abin farko da aka koya masa ke nan: ido ya gama aikinsa kafin hannu ya fara.

Ƙasan ɗakin ba abin da za a samu, sawu ya hau sawu. Teburin ma hannaye sun goge shi. Amma da ya sa gilashi a kan kusoshin da ke riƙe kan keken, waɗanda aka kwance aka bari a wurin, sai ya ga ba a fasa komai ba. An warware su ɗaya bayan ɗaya a natse, kuma a kan kowace akwai ƙarzanen siriri guda, alamar bakin abin da aka kwance su da shi ya ɗan gutsire. Ya naɗe su a takarda. A dokin tagar da ke kallon lungu, cikin wata tsaga, ya tsinci ɓawon baƙin fenti mai ɗigon ruwan zinariya a gefe, bai kai farcen ɗan yatsa ba. Lubabatu ta ce irin fentin kekenta ne. Ta nan aka fitar da shi ke nan, ya gogi katako. Ya naɗe ɓawon a wata takarda.

Sai ya hango madubin a jingine a kusurwa, fuskarsa na kallon bango.

"A nan yake zama?"

"A kan teburin na ajiye shi," in ji Lubabatu. "Da muka dawo a ƙasa muka tarar da shi."

"Wa ya taɓa shi tun daga nan?"

"Wa zai taɓa kayan ɓarawo?" in ji Goggo daga waje. "Na hana kowa."

Abduljalil ya ɗaga shi ta gefe da hankici, ya fita da shi haske. Ya buɗe akwatin, ya ɗebo hoda a bakin buroshi, ya riƙa shafawa a hankali. Matan gida suka kewaye shi. Sannu a hankali zanen yatsu ya fara fitowa a kan gilashin, wasu a gefe, sai wani babba guda a tsakiya, wanda ko hoda bai buƙata ba, don da baƙin mai aka danna shi.

Ya yi musu bayani cewa ba mutum biyu da zanen yatsunsu ya zo ɗaya, ko tagwaye. Na wani a naɗe yake kamar gammo, na wani ya lanƙwasa kamar ƙugiya, na wani tudu ne kawai. Wannan na tsakiya gammo ne, kuma tabon yanka ya ratsa shi. Yanzu sai kowa na gidan ya dangwala yatsunsa a tawada, don a ware na gida daga na baƙo.

"Ni ma?" in ji Goggo. "Ni aka yi wa satar."

"Don a fitar da ke ne, Goggo."

"Sai an shigar da ni ake fitar da ni. Kuma jiya na ƙunsa lalle."

"Lalle ba ya rufe zane."

Ta miƙa hannun tana kallon gefe, kamar mai karɓar allura. Lubabatu kuwa da ta dangwala nata sai ta goge sauran tawadar a hannun rigarsa. Na gefen madubin wasu nata ne. Na tsakiya ba na kowa ba ne a gidan.

Ya koma Paraku ya nufi kasuwar shanu, ba da son ransa ba, don Idrisu ya taɓa goya shi yana yaro. Ya same shi a inuwa yana cin goro. Bayan doguwar gaisuwa ya yi ta kewaye-kewaye, har dattijon ya gaji.

"Ɗana, Tasalla ta ce ni ne, ko?"

"Ba ta faɗa haka kai tsaye ba, Baba."

"Ta faɗa. Mamuda ya gaya wa duk tashar mota. Kawo abin naka in danna."

Dillalai da mahauta suka taru suna kallo. Idrisu ya danna yatsunsa duka, har ya tambaya ko a kawo na ƙafa. Nasa ƙugiya ne, kuma sun dace da sauran na gefen madubin, inda ya riƙe shi ya miƙa tsaraba. Babu gammo, babu tabo.

"Buhun fa, Baba?"

"Doyarta ce, da wadda na ƙara saye a hanya. Tata ba ta isa tuwon dare ɗaya ba, amma kada ka gaya mata."

Abduljalil ya koma ofis ya baje abin da ke hannunsa. Mutumin da ya san kusoshin keke, mai baƙin mai a yatsa. Sai ya tuna Lubabatu ta ambaci wani Salihu mai gyaran keken ɗinki, wanda ke yawo gari-gari, ya zo ya zuba wa nata mai a farkon watan. Da a kan keken aka ga yatsansa, ba abin cewa, aikinsa ne taɓa shi. Amma lokacin da ya zo gyara madubin bai shigo gidan ba tukuna.

Rumfar Salihu na nan Paraku bayan gar, tashar da jirgin ƙasa ke ƙarewa. Abduljalil ya je da wani abokin aikinsa, ɗaya daga cikin masu yi masa dariyar jaki. Kawunan kekuna jere a kan benci. Ya bi su ɗaya-ɗaya yana shafa gindinsu, har ya kai ga wanda fentinsa ya ɓare a kusurwa. Ya warware takardarsa, ya ɗora ɓawon a wurin. Ya zauna daram, har layin ruwan zinariyar ya haɗu.

Salihu ya ce saye ya yi a hannun wani matafiyi. Aka tafi da shi komisariya tare da kayan aikinsa. Bakin ƙarfen da yake kwance kusoshi da shi a gutsire yake, kuma da aka gwada shi a wata kusa ya bar irin wancan ƙarzanen. Sannan aka dangwala babban yatsansa na dama. Gammo ne, tabo ya ratsa shi. Ya kalli takardar, ya kalli madubin. Daga nan sai gaban alƙali.

Da shari'a ta ƙare Abduljalil ya kai keken Jugu da kansa. Lubabatu ta ɗaura shi, ta taka, ta saurari ƙararsa, sannan ta ce ɓarawon ma ya fi wasu iya aiki, don ya gyara mata zaren da ke tsinkewa. Amma ta dafa masa kaza.

"Saura Baba Idrisu, Goggo," in ji shi yana cin kazar. "Ya kamata a ba shi haƙuri."

"Me na ce masa? Buhu na ce ya yi girma."

"Duk tashar mota ta ji."

Goggo ta juya goro a hannu. Washegari ta fito da farin yadi daga ƙasan adakarta, ta sa Lubabatu ta ɗinka riga. Ba wanda ya auna Idrisu, Goggo ce ta kwatanta tsawonsa da hannu a jikin bango. Mamuda ya kai rigar Paraku, tare da saƙon cewa in ya zo Jugu ɗakinsa na nan.

Rigar ta tsaya masa a gwiwa, hannuwanta ba su kai wuyan hannu ba. Idrisu ya sa ta ranar Juma'a ya je masallaci, ya zaga kasuwar shanu da ita, duk wanda ya tambaya ya ce masa daga Jugu aka aiko. Da kasuwa ta sake kai shi can, a gidan ya sauka, rigar a jikinsa. Goggo ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ashe ya ƙara tsawo, ta sa aka kawo masa ruwa.