Takarda Mai Baƙin Gicciye

Ranar da Taisiya ta cika kwana arba'in da rasuwa, mijinta Lukiyan Fomic ya hau motar madara zuwa gidan zuhudun mata da ke bakin kogin Cu, inda wayar kan iyaka ta raba gonar tuffa biyu. Shekara talatin yana koyar da adabi, bai yarda da komai ba sai jadawalin jirgin ƙasa. Amma dole a karanta sunanta cikin matattu a addu'ar coci yau, shi ya sa ya zo.

Abu guda ya rage masa na taƙama. Shi likita ya ja gefe ya gaya wa cewa ciwonta ba na tashi ba ne, kamar yadda aka saba, shi kuma ya ce mata gyambon ciki ne. Wata bakwai yana riƙe da ƙaryar nan. Ta tafi ba ta sani ba, ba ta ji tsoro ba.

A ƙofar coci Uwa Fekla, tsohuwa mai kula da kyandir, tana tsaron takardun sunaye: mai jan gicciye ta masu rai, mai baƙi ta matattu.

"Cire hular nan, malam, ba tasha ka zo ba."

"Ba ni baƙa guda, Uwa. Alƙalamin naku yana rubutu, ko shi ma sai an yi imani?"

Ta ƙare masa kallo. "Kai ne na Taisiya. Ta ce zan gane ka da baki."

Ta ɗaga akwatin kyandir, ta zaro takarda mai baƙin gicciye. Rubutun Taisiya ne, mai karkata hagu: babanta, mamarta, ƙaninta Prohor. Can ƙasa, sunanta.

"Tun tuffa na fure ta kawo. Na ce ba a karanta mai rai cikin matattu, ɗiyata. Ta ce to in ajiye, za ka zo."

Lokacin furen tuffa, sati biyu ke nan da maganar likita.

"Me kuma ta ce?"

"Ta ce kada a gaya maka ta sani. Wai kana ƙoƙari sosai."

Aka buga ƙararrawa, ta hayin kogi ta amsa. Ya tsaya bayan mata, hula a hannu. Da aka kai sunan Taisiya, sai ya waiga hagunsa, inda takan tsaya ta yi kamar ta yarda da shi.