Taku Biyu Daga Bakin Bututu

Wata bakwai ina faɗa da bututun da bai kai kaurin ɗan yatsa ba. Ni da ake kira Injiniya, har da farar riga!

Na'urarmu tana auna iskar amoniya, mai zarnin nan da ke tashi a ɗakin kaji har ta kashe 'yan tsaki. Iskar nan naci gare ta. In ta bi ta bututu sai ta manne a jikinsa, ta riƙa fita kaɗan-kaɗan, kamar baƙon da ya yi sallama sau uku bai tashi ba. Mukan kara kwalbar gwaji mai amoniya a bakin bututun, mu ɗauke, mu jira allurar ma'aunin na'urar ta koma sifili. Ina! Ba ta komawa. Shugaba ya ce ranar Alhamis zai zo da agogonsa: in ta wuce daƙiƙa goma, a rufe aikin, ni kuma a mai da ni sito ina goge kwalabe.

Ba abin da ban yi ba. Na cire bututun ƙarfe na sa na roba mai santsi, na naɗe shi da waya mai ɗumama shi. Allura ta fara saurin sauka, amma da ta kusa sifili sai ta coge. Sai na shiga yanke shi. Kullum in rage, kullum in ƙara sunkuyawa a kansa, ina tallabe bakinsa da yatsu kamar mai ba jariri magani.

Alhamis ta zo, Shugaba ya tsaya a kaina. A gefe ga Baba mai gilashi, dattijon da ke narka gilashi yana hura mana kwalaben gwaji, yana shan shayinsa. Wallahi tsoro nake ji, gumi har cikin takalmi. Na ɗauke kwalba, na tallabi bututu. Allura ta sauko, ta tsaya, sannan 'yar banza ta fara hawa.

“Injiniya, ɗan matsa baya,” in ji Baba.

“Haba Baba, don Allah ba yanzu ba.”

“Saki bututun nan, ka ja taku biyu.”

Na ja. Allura ta faɗi tim a sifili. Shugaba ya dubi agogo ya ce, “Huɗu.” Ya dube ni. “Dawo.” Na dawo, ta hau. “Koma.” Na koma, ta sauka. Sau uku ana gwada ni kamar sabon makunnin fitila.

Baba ya kurɓi shayi. “Ranka ya daɗe, gumin mutum ma da amoniya a ciki. Injiniyan nan ma shi ya koya mini. Yana nan a littafinsa, har ya ja layi da jan biro.”

Ashe tun wata na uku na'urar ta warke. Sauran watannin ni take aunawa.

Ba a rufe aikin ba, an ma ce za a kai ta gonakin kaji. Amma Shugaba ya sa an ja layin fenti a ƙasa, taku biyu daga tebur, kuma kowa ya san don wa aka ja shi. Da na ba maiɗakina labari ina jiran lallashi, sai ta miƙo mini sabulu.

“Shekara goma ina faɗa maka,” ta ce, “sai da na'ura ta faɗa ka yarda.”