Babin Albasa

Dakta Mas'uda ta shekara goma sha ɗaya tana koyar da noman rani a jami'a da littafi guda. Sai aka tura su, ita da wasu malamai, horo na kwana uku kan littattafan da masu su suka saki a intanet, kowa ya ɗauka kyauta. Can ta koyi gane sharaɗin kowanne: wanda aka yarda a gyara in an ambaci mai shi, da wanda ba a taɓa masa ko wasali.

Ta samu wani mai kyau kan ban ruwa, cikin waɗanda aka yarda a gyara, amma misalansa duk na ƙasashen sanyi ne, ɗalibanta kuwa yawancinsu 'yan Wurno ne da Rabah. Ranar Asabar ta tafi Rimawa wurin kawunta Attahiru, manomin albasa.

"Kawu, so nike in sa gonakka cikin littahi."

"Mi za ta yi can?"

"Yara su ga yadda muka ba albasa ruwa nan."

Ya zagaya da ita fangali fangali, ya nuna mata lokacin da ake yanke ruwa kafin cira, don kada albasa ta ruɓe wurin ajiya. Da ta nemi izinin sa sunansa da hotonsa, ya ce, "Suna ki sa. Hoto a'a, kin san halin rashin tsaron da muke ciki." Shukar kawai ta ɗauka.

Ta rubuta sabon babi kan albasa ta ƙara a littafin, ta rage nauyinsa yadda ƙaramar waya za ta iya saukewa, ta sake shi bisa sharaɗin da ta same shi.

Bayan wata biyu wani malami mai suna Yusha'u, daga wata jami'a, ya rubuto mata cewa lissafin ruwan da ke jadawali na uku ba daidai ba ne. Abin ya sosa mata rai, ta kwana biyu ba ta amsa ba. Da ta sake lissafi ta ga gaskiyarsa. Ta gyara, ta ƙara sunansa, kuma ta faɗa wa ajinta da bakinta.

Wata ɗaliba, Hassana, ta ɗaga hannu. "Malama, mu ma in mun ga kure mu hwaɗi?"

"Ku faɗa, amma da lambar shafi."

Hassana ta duba wayarta. "Shahi na tara," in ji ta.

Mas'uda ta jawo kujera ta zauna, ta buɗe shafin.