Tabo a Huhun Tamadur

Tamadur Babikir tana tsaye gefen manyan bututai a matatar ruwan teku lokacin da wayarta ta motsa a aljihu. Ta toshe kunne ɗaya saboda ƙarar injuna, ta amsa. Wata mata ce daga cibiyar gwajin lafiyar baƙi. Ta ce ta dawo gobe da safe da fasfonta, likita na son ganinta game da hoton ƙirjin da aka ɗauka mata.

"Lafiya dai ko?" in ji Tamadur.

"Likita za ta yi miki bayani. Kada ki zo da yara."

Duk baƙon da ke aiki a wannan birni ya san abin da irin wannan kira ke nufi. Bara ma an kira wani mai walda ɗan Pakistan da ke sashensu. Ya tafi da safe cikin kayan aiki, bai dawo ba. Abokan ɗakinsa ne suka haɗa masa kaya suka kai filin jirgi. Tarin fuka, aka ce.

Shekara goma sha ɗaya Tamadur tana injiniya a matatar, kowane sabunta iznin zama kuwa a hannun kamfani yake. Mijinta Mu'utasim, da 'yarsu Rimaz, da mahaifiyarta Hajja Awadiya wadda suka fitar daga Omdurman da ƙyar bayan yaƙi ya ci unguwarsu, dukkansu a ƙarƙashin sunanta suke zaune. Shi ya sa da aka buɗe ƙofar zaman dindindin ga ƙwararrun ma'aikata, ba ta yi jinkiri ba. Ta kai shaidar digiri, ta kai ta aiki, ta kai ta 'yan sanda, komai ya wuce lami lafiya. Gwajin lafiya ne mataki na ƙarshe, kuma na wannan izni ya fi na kullum tsanani. Da ƙafarta ta kai kanta.

Da ta isa gida bayan la'asar, Rimaz ta sheƙo da gudu za ta rungume ta. Tamadur ta kawar da fuska.

"Bari in yi wanka tukuna, duk warin mai nake."

A wurin cin abinci ta ja kujerarta can gefe, ta ɗan taɓa gurasar kisra da miya ta tsame hannu. Hajja Awadiya tana lura da ita daga inda take dakan kofi.

"Ke, wa ya mutu?"

"Babu kowa, Yumma. Gajiya ce."

"Gajiyar ce ta hana ki kallon 'yarki?"

Mu'utasim ya yi dariya. "Hajja, ki ƙyale ta. Manya ke nan, masu zaman dindindin. Tun ba a ba su ba sun fara daina cin abinci da talakawa."

Tamadur ta yi masa alama da ido, suka sauka wurin ajiye motoci kamar za su ɗauko kaya. Nan, a tsakanin motoci biyu, cikin zafi mai ɗanko, ta gaya masa. Dariyar ta bar fuskarsa nan take.

"Kina tari?"

"A'a."

"Zufar dare? Ramewa?"

"Ban sani ba, Mu'utasim. Tun da suka kira nake jin ƙaiƙayi a maƙogwaro."

"To mu janye takardun. Mu ce mun fasa. Iznin kamfani ai yana nan."

"Hoton ya riga ya shiga kwamfutarsu. Ko na fasa ko ban fasa ba, yana nan da sunana."

Ya shafa gemu, ya rage murya. "Akwai wani ɗan garinmu da aka ce yana da hanya a irin waɗannan wurare…"

"Kada ka ƙarasa. In an kore ni don ciwo, ni kaɗai na yi laifin ciwo. In an kama mu da wannan, gidan yari ne, sannan kora. Wa zai riƙe Yumma?"

Su biyun sun san tambayar da babu wanda ke son furtawa: in an kore su, ina za su nufa? Gidan Omdurman ko ƙofa ba a bar masa ba.

Washegari da safe ya kai ta. A bakin cibiyar wata ma'aikaciya ta duba sunanta, ta miƙa mata takunkumi ba tare da ta taɓa hannunta ba, ta nuna mata wani ɗaki daban, nesa da layin jama'a. Mutum uku ne a ciki, kowa ya sunkuyar da kai. Akwai ƙofa ta biyu a bayan ɗakin, da mai gadi zaune kusa da ita. Tamadur ta kasa ɗauke ido daga ƙofar nan.

Likitar 'yar Masar ce, Dakta Nirmin, mace mai saurin magana. Ta juyo da allon kwamfuta ta nuna wani farin tabo a saman huhun dama, bai fi ƙwayar dabino ba.

"Kin taɓa yin tarin fuka, Injiniya?"

"Ban taɓa ba."

"Wannan ya yi kama da tsohon tabo, amma kama ba hujja ba ce. Injinmu na da bai gan shi ba, wannan ya gani. In tsoho ne kuma an sha magani, magana ɗaya ce. In ba mu san tarihinsa ba, dole in ɗauke shi a matsayin sabo. Mahaifiyarki na da rai?"

"Tana gida."

"Kira ta. Yanzu, a gabana."

Tamadur ta danna lambar. Ta tambaya kai tsaye.

"Wa ya gaya miki?" in ji tsohuwar.

"Yumma, don Allah."

"Kina shekara huɗu, muna Kosti. Kin yi tari har da jini. Wata da watanni ina kai ki asibitin gwamnati, ana ba ki ƙwayoyi jajaye masu sa fitsari ya yi ja. Kin warke sarai. Ko babanki ce masa na yi sanyi ne. Da maƙwabta sun ji, wa zai bar ɗansa ya zo gidanmu? Wa zai aure ki?" Sai muryarta ta karye. "Ki ce musu ƙarya ce, 'yata. Ki ce ban san komai ba."

Tamadur ta kashe wayar. Likita na jira, alƙalami a hannu. Ba ta ji abin da tsohuwar ta faɗa ba. Tamadur ba ta san wanne zai kai ta ƙofar baya ba, gaskiyar ko musun. Ta faɗi duk abin da uwarta ta ce, har da launin ƙwayoyin.

Dakta Nirmin ta rubuta. "Jajayen ƙwayoyin nan na san su. Wannan zai taimake ki, amma ba zai fisshe ki ba. Za mu karɓi kakinki mu shuka shi a ɗakin gwaji mu ga ko wani abu zai tsiro. Yana ɗaukar makonni. Fasfo yana wurinmu. Ba aiki, ba kasuwa, ki zauna ɗaki ke kaɗai."

"In ya tsiro fa?"

"Mu jira mu gani tukuna."

Ta ƙofar gaba ta fito, amma sai da Mu'utasim ya riƙe ta kafin ta kai mota.

Makonnin nan ba ta taɓa ganin irinsu ba. Ta koma ɗakin Rimaz, aka mai da yarinyar wurin kakarta. Ana ajiye mata abinci a bakin ƙofa. Duk lokacin da tari ya taso mata sai ta danne shi cikin matashi, sannan ta ɗaga matashin ta duba ko akwai ja. In ta ji Rimaz ta yi atishawa a falo, sai ta taso ta kasa kunne a jikin ƙofa. Kamfani ya kira sau biyu yana tambayar yaushe za ta dawo. A kira na biyu an yi mata magana cikin ladabin da ya fi zagi ban tsoro.

Hajja Awadiya kuwa ta ɗauko tabarmarta ta shimfiɗa a bakin ƙofar ɗakin, nan take sallah, nan take jan carbi.

"Ni na jawo miki," take cewa ta ƙasan ƙofa.

"Yumma, ke kika warkar da ni. Tashi ki zauna a kujera, gwiwarki."

"Da na gaya miki, da ba ki kai kanki wurinsu ba."

Ita ma Tamadur ta yi wannan tunanin.

Ranar da aka sake kiranta, ta hana Mu'utasim raka ta. Ta ce ya zauna da su, in ba ta dawo ba kada labari ya iske tsohuwa ita kaɗai. Ta tuƙa kanta.

Dakta Nirmin ba ta sa takunkumi ba wannan karon.

"Babu abin da ya tsiro. Tabo ne kawai, matacce." Ta turo mata fasfonta. "Amma kada in yaudare ki. Zaman dindindin ba za ki samu bana ba. Za a ba ki iznin shekara guda, kina zuwa muna duba ki. In shekara ta zagayo huhun bai canza ba, sai in sa hannu ki sake nema."

"Iyalina fa?"

"Suna nan inda suke. Ki koma aikinki, Injiniya."

Ta yi godiya, ta fito, ta shiga mota. Ta sa makulli, amma ƙafarta ta ƙi tsayawa a kan birki, sai karkarwa take. Ta gwada sau da yawa ta haƙura. Ta kira Mu'utasim.

"Babu komai," ta ce. "Wallahi babu komai. Amma ka hau tasi ka zo, na kasa tuƙi."

Ta ji shi yana maimaita wa mutanen gida, ta ji guɗar Hajja Awadiya ta cika wayar. Ta sauke gilashi, ta jingina kai da kujera, ta zauna tana jiransa.